Kwamfutar talaka a aljihunsa take

A bara, lokacin da albasar rani ta cika kasuwa, na raka kawuna zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru, domin ya ga likitan ido, muka shiga jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngaundare da almuru ya kwana yana tafiya. Kawu falke ne, ya fi shekara talatin yana loda albasa daga Garwa zuwa kudu, bai taɓa zama a ajin boko ba, lissafinsa a ka yake yinsa, abin da yake tsoron mantawa kuma ya rubuta da ajami a bayan takardar siminti. Jirgi bai yi nisa ba ya zura hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro wata waya mai faɗin fuska, gilashinta ya tsage ta gefe ɗaya, an ɗaure rigarta da roba. Ya buɗe hoton bidiyon da yaronsa ya aiko daga sito, inda aka kwance bakin buhu biyu aka nuna masa, ya kawo wayar dab da idonsa mai lafiya ya duba launin albasar da bushewarta, sannan ya danna ya yi magana da Fulatanci, ya sake dannawa ya yi wa wani dillali a Duwala magana da Hausa. Kafin mu kai Ngaundal an yi ciniki an sallama, rabin kuɗin ya shigo layinsa. Daga nan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Ya ɗaga wayar sama, ya kai ta bakin taga, ya juya ta gabas da yamma kamar mai neman alƙibla, har na ce masa, "Kawu, ku kawo in duba muku." Ya ce, "Bari kawai ɗana, wayar lafiyarta lau, dajin ne. Nan kullum haka yake, sai mun matso wata tashar." Ya mayar da ita aljihu ya jawo carbi.

Ra'ayina shi ne wannan 'yar na'ura mai shiga aljihu ita ce kaɗai kwamfutar da mafi yawan mutanen arewacin Kamaru za su taɓa mallaka a rayuwarsu, kuma duk wani tsari na hukuma ko na makaranta ko na kamfanin sadarwa da bai tashi daga wannan gaskiyar ba, ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa. Har yanzu masu tsara mana al'amura a Yawunde ba su tsayar da matsayinta ba. Wata rana kayan ƙawa ce da ta cancanci haraji, wata rana abar fitina ce da ta cancanci toshewa, kwamfuta ta ainihi kuwa a wurinsu ita ce wadda ake girkewa a kan tebur cikin ofis mai sanyi.

Tunanin ƙera allon intanet da zai shiga aljihu ba domin irin su Kawu aka yi shi ba. A shekarar 2005 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fito da wata na'ura mai suna 770, faɗin fuskarta inci huɗu da ɗan ɗoriya, ana taɓa ta da tsinke, an yi ta musamman domin buɗe shafukan intanet da karanta wasiƙun imel. Ba ta da wurin saka layi, ba ta aiki sai ta sami Wi-Fi ko an haɗa ta da wata wayar ta hanyar Bluetooth. N800 da N810 suka biyo baya a 2007, ta biyun da maɓallan rubutu da ake zarowa daga ƙasa. Maƙeranta sun ɗauka mai ita yana da babbar kwamfuta a gida, da wata a wurin aiki, da waya a ɗaya aljihun, abin da ya rage masa kawai shi ne ɗan abin da zai riƙe a filin jirgin sama ko a gidan shan gahawa. A 2007 ɗin ne iPhone ta fito, wayoyin Android suka fara a 2008, ba a jima ba waya ta haɗiye aikin allon baki ɗaya, shi kansa Nokia da ya tashi fitar da N900 a 2009 sai da ya yi mata wurin saka layi. Fuskokin wayoyi suka yi ta faɗaɗa, har ta kai wayar da ake sayarwa yau a babbar kasuwar Garwa ta fi wancan allo na 2005 faɗi nesa ba kusa ba.

Abin da yake ƙari ne ga Bature, a wurinmu shi ne uwa shi ne uba. Ba mu bi ta kan kwamfutar tebur ba, ba mu bi ta kan wayar girke a gida ba, shagunan intanet da aka buɗe a manyan garuruwa kuma 'yan jami'a da ma'aikata ne suka san ƙofarsu. Sai da kamfanin sadarwa na Nexttel ya shigo da intanet mai sauri na 3G a 2014, MTN da Orange suka sami izinin nasu a 2015, sannan intanet ya sauko hannun mai shago da mai babur ɗin haya da matar aure a cikin gida, kuma ta waya ya sauko. Wanda ya gane kasuwarmu da wuri shi ne kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, domin ya kawo waya mai cin layi biyu, mai batir mai jimiri, a kan kuɗin da talaka zai iya haɗawa da kwasar adashi ɗaya. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka layi biyu ado ne. Ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Injamena da safe ya dawo da yamma, ko mai zuwa Mubi sarin kaya, ya san layi ɗaya ba ya kai shi ya dawo da shi, kai ko a cikin gari ɗaya ma akwai unguwar da wannan kamfani ke kamawa wancan ba ya kamawa.

Amfanin da ya fi girma, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, shi ne tsaron rai. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san abin da kalmar zargina ke nufi a hanyoyin arewa, wato 'yan fashin da ke tare hanya, ya san yadda fatake da masu shanu ke ɗinke kuɗi a ɗamara ko su cusa a buhun hatsi idan za su dawo daga kasuwar Adumri ko ta Bogo, ya kuma ji labarin waɗanda aka tare a hanya saboda an ga sun sayar da bijimi. Yau mutum yana iya karɓar kuɗinsa ta asusun waya na MoMo ko Orange Money ya hau mota aljihu ba nauyi. Hoton bidiyo ya rage cinikin biri a sama, tun da mai saye a Duwala yana ganin kaya kafin ya biya, manomi a ƙauye kuma yana jin farashin birni kafin dillali ya zo ya faɗa masa nasa. Da hukuma ta lura da yawan kuɗin da ke bi ta wannan hanya, sai ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa daga watan Janairun 2022. Kuɗin ba shi da yawa idan sau ɗaya aka dube shi, amma ya nuna inda hankalin masu mulki ke fara zuwa idan sun ga abu ya karɓu a hannun jama'a.

Ba shi ne karon farko ba. A watan Oktoban 2020 an shirya fara karɓar kuɗin duwan, wato kwastan, na kashi 33 cikin ɗari a kan wayoyi da allunan intanet daga kuɗin kiran da mai amfani ya saka a layinsa, maimakon a karɓa a hannun mai shigo da kaya. Hujjar da aka bayar ita ce yawancin wayoyi ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, baitulmali kuma yana asara. Hujjar gaskiya ce, mu da ke kusa da iyaka mun fi kowa sanin haka, amma maganin da aka kawo barin jaki ne a daki taiki, wato jami'in da ya kau da kai da ɗan sumogal da ya wuce da kwali su sha lafiya, tsohuwar da ɗanta ya saya wa waya ita ta biya. Jama'a suka yi ca, musamman matasa a shafukan sada zumunta, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a dakatar, kuma da wayoyin da aka so a yi wa harajin aka yaƙi harajin.

Ranar da gwamnati ta yi niyyar kyautatawa kuwa, sai ta kyautata da abin da ita take ganin shi ne kwamfuta. A 2016 aka sanar da kyautar kwamfutocin cinya 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, waɗanda aka raɗa wa suna PB HEV, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga Sin, wanda ya haɗa da gina cibiyoyin fasaha a jami'o'in gwamnati. Ban raina kyauta ba, na kuma yarda ba a rubuta kundin kammala karatu mai shafi ɗari da babban yatsa, ɗalibi a jami'ar Ngaundare da ke Dang ko a ta Marwa yana buƙatar maɓallai na sosai. Sai dai na'ura ce mai ƙaramar ma'ajiya, giga 32, an raba ta ga waɗanda suka yi sa'ar kasancewa a jami'a a lokacin, wadda ta lalace da wuya a sami kayan gyaranta a kasuwa, bashin kuwa yana wuyan kowa har da wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Da an zuba ko da rabin wannan kuɗi wajen kafa turakun sadarwa a karkara da saka intanet kyauta a harabar makarantu da ɗakunan karatu, da ɗalibin bana ma ya mora da wayar da ya riga ya saya da kuɗinsa, haka ƙanensa da zai shigo baɗi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ayyukan hukuma da aka mayar kan intanet. Tun 2018 ana biyan kuɗin makarantun sakandaren gwamnati ta waya, tun Yulin 2021 neman fasfo yana farawa da cike takarda a intanet, kuma ina goyon bayan wannan, domin ya rage dogon layi ya rage miƙa na goro. Amma masu zana yawancin shafukan da ake tura jama'a suna zaune ne gaban babban allo da intanet mai ƙarfi, ba su taɓa gwada aikinsu a kan wayar jaka arba'in a gindin darbejiya ba. Na taɓa zama da 'yar yayata muna cike mata takardar shiga wata jarrabawa. Akwatin da za a danna a ci gaba ya ɓuya a gefen da fuskar waya ba ta kaiwa, hoton da aka nema sai an rage nauyinsa zuwa wani adadi da ni kaina sai da na yi tambaya, da rezo ya ɗan yi rawa kuma duk abin da muka rubuta ya goge, mu koma farko. Sau huɗu muna yi har megarmu, wato datar da muka saya, ta ƙare, a ƙarshe ta hau babur zuwa cikin gari ta biya wani mai shagon kwamfuta ya cike mata. Ita da ke Garwa ke nan. Yarinyar da ke Poli ko bayan duwatsun Mokolo sai ta haɗa kuɗin mota da na kwana kafin ta cike takardar da aka ce an sauƙaƙa mata. Ya kamata a kafa ƙa'ida cewa ba za a buɗe wa jama'a wani shafin hukuma ba sai an gwada shi a kan waya mai araha da rezo mai rauni, ya kasance yana adana abin da aka rubuta idan layi ya yanke, kuma shiga cikinsa ba ya cin megar mutum. Wannan bai kai kuɗin gina gada ba, yarjejeniya ce tsakanin ma'aikatu da kamfanonin da gwamnati ce ta ba su izinin aiki.

Sai maganar wuta, wadda in babu ita wayar mataccen dutse ce a aljihu. Madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana ɗauke da jihohin arewa uku, shekara da shekaru kuma layin wutarmu ba a haɗe yake da na kudu ba, saboda haka duk shekarar da ruwa ya ja baya a tafkin sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, daidai lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, ba su kashe shi ba. Wanda ke son ya ga yadda talaka ya yi wa kansa dabara ya je kowace tashar mota ya tsaya a rumfar mai caji. Allon katako ne da aka jera wa soket kusan talatin, janareta na kuka a bayansa, wayoyi sun yi sahu kamar tsire, yaron shago yana liƙa wa kowacce 'yar takarda mai lamba ya miƙa wa mai ita irinta, ya karɓi sefa 100. Wutar janareta mai hawa da sauka da zafin rana su ne ke kumbura batir su cinye bakin caji, daga nan sai wurin mai gyara, wanda shi ma a gaban ubangidansa da kallon bidiyo ya koyi sana'ar. Abin mamaki ne a ce na'urar da ke hannun kusan kowane magidanci, masu gyaranta su ne ba a ɗauke su ma'aikata da suka cancanci horo da takardar shaida da jarin sayen kayan aiki ba.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Waya ta shigo da caca har ɗakin yaro, ta shigo da hotunan banza, ta raba hankalin ɗalibi, ta kuma ba maƙaryaci lasifika, domin saƙon murya ɗaya da ba a san mai shi ba yana iya tayar da unguwa kafin liman ya sallame salla. 'Yan damfara suna kira su ce sun turo kuɗi bisa kuskure a taimaka a mayar, ko su ce daga kamfani suke suna neman lambar sirri. Masu garkuwa da mutane a dazukan Mayo-Rey da Adamawa da waya suke cinikin kuɗin fansa, wato zargina bai mutu ba, salo ya sake. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka duba waɗanda aka fi cuta da damfara, za a tarar su ne waɗanda ba sa iya karanta saƙon Faransanci da ya bayyana a fuskar wayarsu, waɗanda ke miƙa wa yaron rumfa waya haɗe da lambar sirri ya cire musu kuɗi. Kawu bai san abin da aka rubuta a jerin zaɓin kuɗin waya ba, wuraren dannawa ya haddace kamar yadda ya haddace hanyar Ngaundare, ranar da aka sauya jerin kuwa sai ya nemi yaro.

Abin da ya buɗe wa irinsa ƙofar intanet shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya kawo a 2013, domin mu mutanen baki ne, abin da aka ji da kunne ya fi zama. Kamfanonin da suka iya tallata garaɓasarsu da Fulatanci a rediyo ba su da uzurin kasa aiko da gargaɗin damfara da murya cikin Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da sauran harsunan da ake ciniki da su a kasuwanninmu, ko kasa fassara jerin zaɓin tura kuɗi, wanda bai wuce 'yan layuka ba. Ta fuskar rubutu ma an wuce wurin, Hausa tana cikin na'urar fassara ta Google tun 2013, maɓallan waya kuma suna da ƙ da ɗ da ɓ, biyu na ƙarshen mu da Fulani muke tarayya a kansu. Mata su ne suka fi buƙatar wannan, domin da yawansu da wayar miji ko ta ɗa suke tallan turare da atamfa daga cikin gida, kuɗin cinikinsu yana shiga layin da ba sunansu ke kai ba.

Maganin da nake tsoro shi ne wanda hukumomi suka fi saurin kai wa hannu. Daga 17 ga Janairun 2017 zuwa 20 ga Afrilu, wata uku cur, an yanke intanet a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, masu hali suka koma zagayawa ta VPN, manhajar da ke kauce wa toshewa, suna biyan ƙarin kuɗi, marasa hali suka haƙura. Mu da ake kiran yankinmu yankin matsalar tsaro, kada mu ɗauka abin ba zai zo kanmu ba. Yanke intanet a yau daidai yake da rufe kasuwa da banki da gidan waya a rana ɗaya, mai laifin da ake nema kuma yana da wata hanyar, falke da ɗalibi da mai jinyar da ke jiran a turo masa kuɗin magani su ne ba su da ita. Irin wannan mataki bai kamata ya zama abin da za a yi da umarnin baki ba, ya kamata doka ta ce sai da hukuncin kotu, a faɗi dalili, a faɗi ranar da zai ƙare.

A watan Afrilun 2023 masu amfani da waya a Kamaru sun yi wata zanga-zanga da ba ta buƙatar fita titi, suka riƙa katse layukansu na 'yan sa'o'i da tsakar rana domin nuna fushi a kan tsadar mega da rashin ingancin rezo, ba a jima ba hukumar da ke sa ido a kan sadarwa ta ci tarar kamfanonin waya huɗu na ƙasar jimillar sefa biliyan 6. Tara tana shiga baitulmali ne, dajin da ya hana Kawu magana yana nan yadda yake. Izinin da ake ba kowane kamfani yana tafe da sharuɗɗan wuraren da dole ya kai sadarwa, kuma abin da nake so wakilanmu a majalisa su nema shi ne a fito da waɗannan sharuɗɗa fili, a buga taswirar wuraren da babu rezo a kan hanyar jirgin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 600, da kan babbar hanya mai lamba 1 daga Ngaundare zuwa Garwa zuwa Marwa har Kusiri, a sanya wa kowane giɓi wa'adin toshewa, kuɗin tara kuma a kashe shi a wurin da aka yi laifin. Haɗa wannan taswira ba sai an ɗauko ƙwararru daga waje ba. Kowane direban da ke hawa tsaunin Mbe da lodin kaya ya san kwanar da waya ke mutuwa da bishiyar da ake tsayawa a gindinta a kira makanike, kuma idan aka aika jami'i ɗaya tashar Garwa da littafi da alƙalami, kafin la'asar za su lissafa masa wuraren ɗaya bayan ɗaya.